Yadda Za Ka Zama Gwanin Ordinater a Urafan Ba Tare da Ka San Komai Ba

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ka zo inda ya dace. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin a roro wake a gona za a riƙa kiranka Anjiniyer daga Urafan har Tasawa, iyaye za su riƙa nuna ka ga ƴaƴansu masu gudun lakwal, wato makarantar boko, kuma ba za ka ƙara sayen shayi da hannunka ba. Ba a buƙatar ilimi. Ilimi ma cikas ne, don mai ilimi yakan tsaya tunani, mutanenmu kuwa mai saurin hannu suke yaba wa.

Sunana Abdussalamu, ni ne mai rumfar sharjin waya a bakin kasuwar Urafan. Shekara shida ke nan ina gyaran ordinater, wato kwamfuta, kuma ina alfahari da cewa babu wadda ta taɓa fita daga hannuna yadda ta shigo.

Don kada ka ce surutu ne babu misali, zan riƙa jawo maka wani aiki da na yi bara, wanda ya fi duk ayyukana suna. Ordinater ce ta gidan Inna Zara'u, wata tsohuwa mai gonar wake a bayan gari. Ta ɗanta na fari ce, Lawali, wanda ya zo da ita daga Aljeriya, ya yi damina biyu a gida, ciwo ya ɗauke shi. A cikinta akwai bidiyo na minti huɗu, Lawali zaune a tsakar gida yana faci a tayar moto, wato babur, yana tsokanar ƙanwarsa Aziza da ke ɗaukarsa. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa rijiya. Duk duniya babu inda muryar Lawali ta rage sai cikin na'urar nan. Ni a lokacin ban san da bidiyon ba. Kai yanzu ka sani, sai ka riƙe.

Mataki na 1: Ka samo takarda mai hatimi

Kada ka ɓata shekara uku a Maraɗi kana karatu. Ka kasa kunne kawai, ba a rufe wata biyu wani proje na masu tallafi bai kira horo a Mayahi ba. Ka cusa sunanka ta hannun ɗan'uwanka da ke aiki a meri, ofishin magajin gari. Namu horon kwana uku aka yi. Ranar farko jawabin buɗewa, ta biyu babu kuran, wato wutar lantarki, ta uku jawabin rufewa da hoto. Ordinater ɗin da aka kawo don koyarwa mun gan ta da idonmu, tana cikin kwalinta, an ce kada a taɓa sai babban baƙo ya iso daga Yamai, shi kuwa bai iso ba. Amma shinkafar ta yi daɗi, kuma kowa ya fito da takardar shaida mai hatimi biyu.

Ka sa a rufe maka ita da leda, ka rataye ta can sama a rumfarka, inda ido zai hango hatimi amma ba zai iya karanta rubutun ba. Tawa "ya halarta" kawai aka rubuta, ba a ce ya iya ba, shi ya sa na ƙara ɗaga ƙusar.

Sai shiga. Ka sayi tabarau fari, ko idonka lafiya lau yake. Ka rataya kile a wuya, wato ƴar abar nan kamar yatsa da ake zuba kaya a ciki a soka wa na'ura. Ka riƙa yawo da jakar ordinater a kafaɗa ko ina za ka, har gidan suna. Ba dole sai da ordinater a ciki ba. Tawa jakar ta fi shekara tana ɗauke da darduma da ƙuli-ƙuli.

Mataki na 2: Kalma huɗu sun ishe ka

Ga su nan, ka haddace: wiris, rezo, mizajur, da "c'est normal".

Wiris shi ne ciwon na'ura, kuma alherinsa shi ne ba a ganinsa, don haka babu mai ƙaryata ka. Na'ura ta yi nauyi, wiris ne. Allo ya fashe don akuya ta taka, wiris ne ya raunana shi tun farko. Rezo kuwa, wato sabis, laifin kamfanin waya ne, kuma ba wanda zai hau mota har Yamai ya tambaye su. Mizajur shi ne lokacin da na'ura ta ce ka dakata tana sabunta kanta, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. In ka rasa ta cewa, ka nuna allo, ka ce tana mizajur, ka tafi salla.

Ta huɗun ita ce uwarsu, ma'anarta "ai haka abin yake". In hayaƙi ya fito, ka ce c'est normal. In mai kaya ya ce da safe tana kamawa, yanzu da ka taɓa ta daina, ka gyaɗa kai kamar dama abin da kake jira ke nan, ka ce c'est normal. Bahaushe zai yi gardama da kai a kan akuya guda har rana ta faɗi, amma ka jefa masa Faransanci kana kallon allo, sai ya ce to.

Mataki na 3: Ka kasance da ra'ayi a kan komai

Gwani ba a wurin gyara ake gane shi ba, a fada ake gane shi, wato majalisar hira. Ka ajiye benci biyu a gaban rumfarka, ka samu mai dafa shayi mai baki, irin Bature namu, wanda ko tari ka yi sai ya ce a yi shiru Anjiniyer na magana. Daga nan ka riƙa sakin ra'ayi kamar kwano ɗaya kuke ci da masu kamfanonin nan.

Ka ce na'urorin da sun fi na yanzu ƙarfe. Ka ce masu ƙera su da gangan suke sa batir ya mutu bayan shekara biyu don ka koma ka saya. Ban san ko gaskiya ne ba, amma ban taɓa faɗa wani ya musa ba. Ka ce wayar bana da ta bara uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ido guda kawai aka ƙara mata a baya aka sake mata suna. Ka yi tsaki a kan na'urar da ba za ta bar ka ka rubuta wasiƙa ba sai ta gaisa da intanet, a garin da sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita. Ka yi tsaki a kan yarjejeniyar nan mai shafi arba'in da ake cewa ka karanta ka amince, wadda ko mai rubuta ta bai kai ƙarshenta ba. In aka kawo zancen sabuwar na'urar da ake cewa tana amsa kowace tambaya, ka ce ba abin mamaki ba ne, ita ma in ba ta sani ba ƙirƙirowa take yi. A nan dai na san abin da nake faɗa, sana'armu ɗaya.

Wata rana Bature ya ce, "Anjiniyer, wai mi ne ne wanga gajimare da anka ce Turawa na aje kayansu ciki?"

Na kurɓi shayi tukuna, don gwani ba ya amsawa da sauri. Na ce, "Rumbu ne, Bature, amma a gidan wani. Kai ka kai hatsinka, shi ya riƙe makulli, kuma ko sunan garinsu ba ka sani ba."

"Kai! To wa zai yarda da wanga?"

"Duniya duk ta yarda, sai mu masu wayo."

Fada ta kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amsar nan ta yi wata guda tana yawo a kasuwa, kuma albarkacinta babu wanda ya ƙara tunanin ajiye kayan na'urarsa wuri biyu a Urafan. Ka lura da kyau, ra'ayi ba ya cin kuran, kuma ba a dawo maka da shi a ce bai yi ba.

Mataki na 4: Ka kashe kasuwar wanda ya fi ka sani

A Tasawa akwai wani Ayuba, wanda ya yi karatun abin da gaske. Mutum ne mai ban haushi. Ka kai masa na'ura, sai ya ce bari ya duba, ka dawo jibi. Wani lokaci har ya buɗe baki ya ce wa mai kaya bai gano matsalar ba tukuna. Yana da wani ɗan akwati da yake kwashe kayan mutane a ciki kafin ya taɓa komai, aikin da ke cin rabin yini ba wanda ya tafa masa.

Kada ka zage shi, zagi na nuna tsoro. Ka yabe shi yabon da ba zai tashi ba. Ka ce, "Ayuba ai mutumin kirki ne, yana ƙoƙari, sai dai hannun bai hwaɗa ba tukuna." Ka ƙara da tuna wa mutane nisan Tasawa da halin hanyar da damina. Shi ke nan, ka gama da shi.

Mataki na 5: Ka yi aikinka a gaban jama'a

Gyaran da ba a gani ba, asara ne. Ka jawo tebur waje, ka zaɓi ranar kasuwa, lokacin da benci ya cika har wasu na tsaye.

A irin wannan ranar Inna Zara'u ta zo da ɗiyarta Aziza mai ɗinki, na'urar naɗe cikin zane biyu a cikin kwando, an riƙo ta kamar ƙwai.

Ga abin da na ji daga baya. Kowace Juma'a, in maza sun tafi masallaci, Inna Zara'u takan ce wa Aziza, "Kunna abin nan, kar shi lalace da ajiya." Aziza ta kunna bidiyon. Tsohuwar ta zauna gefe da faifan wake tana tsinta, kamar abin bai shafe ta ba. In ya ƙare ta ce, "Kashe, kar batir shi ƙare." Shekara uku ana haka. Ka san halinmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko yana raye ko yana ƙasa. To a ƴan makonnin nan na'urar ta fara zafi tana ƙamewa, muryar na yankewa a tsakiya, shi ya sa suka ɗauko ta.

Bayan gaisuwa Aziza ta ce, "Yaya Abdu, ta marigayi ce, ka sani. Tana zahi, tana tsayawa. Bari in kai ma wata ɗinkinta cikin kasuwa in dawo. Inna, ki hwaɗa mishi abin da ke ciki."

Ta tafi ta bar mu. Na warware zanen a hankali don kowa ya gani, na kunna, na sa kunne a jikin na'urar kamar likita, na girgiza kai. Ba sai na gaya maka sunan ciwon da na ambata ba.

Mataki na 6: Ka yi tambaya inda ba za a iya amsa maka ba

Wannan shi ne matakin da zai wanke ka gobe, don haka ka ɗaga murya kowa ya ji.

Na ce, "Inna, akwai wani abu mai muhimmanci ciki? Don in na taɓa ta, komi zai tahi."

Maza goma sha biyu suna kallonta, cikinsu har da abokan Lawali da suka ɗauki makararsa. Ta gyara lulluɓi, ta kalli ƙasa, ta kalli hanyar da Aziza ta bi.

Ta ce, "Mi za a samu ciki, ɗan nan? Tarkacen yara ne."

"Kin tabbata, Inna?"

"Ba komi. Kai dai ka gyara."

Bature ya ce, "Kun ji hwa, ta ce ba komi."

Yanzu bari in gaya maka gaskiya guda ɗaya, amma kada ka saba. Ni Bahaushe ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, "wancan" take ce masa, kuma lokacin da ya yi hatsarin moto ita ce ta yi kwana uku ba ta ci ba, tana cewa azumin nafila take yi. Na san irin wannan "ba komi". Na ji shi har cikin ƙirjina. Abin da ya kamata shi ne in ce a jira Aziza, ko in ja tsohuwar bayan rumfa in tambaye ta a hankali, ko in buɗe na'urar in duba da idona. Amma jiran Aziza na nufin in zauna a gaban fada hannuna a cinya, dubawa kuma na nufin a gane ban san inda ake dubawa ba. In ka samu kanka a nan, ka zaɓi mutuncinka. Ni shi na zaɓa.

Mataki na 7: Ka formate

Formate shi ne a share na'ura tas, a zuba mata sabon sistem. Shi kaɗai na iya, wani direba ne ya nuna mini a tasha muna jiran mota ta cika. Kuma ya isa, don yana maganin komai yadda aski ke maganin kwarkwata.

Ka ciro kile daga wuyanka, ka soka, ka danna. Na'urar za ta tambaye ka da Faransanci ko ka tabbata, don duk abin da ke ciki zai ɓace. Har sau biyu take tambaya, ta fi wasu mutane tausayi. Ka ce wa fada wannan gaisuwa ce kawai irin tasu, ka danna i.

Ana tsakiyar aiki Aziza ta dawo. Ta ce, "Inna, kin hwaɗa mishi?"

Tsohuwar ta dubi mazan da ke benci, ta ce, "Mun yi magana."

Aziza ta kalle ni, na ɗaga mata babban yatsa. Hankalinta ya kwanta, suka shiga kasuwa sayen kanwa da gishiri, aka bar shi sai la'asar. Da allon ya kawo sabo fil, babu ko ɗigo a kansa, fada ta tafa. Bature ya ce, "Aradu da Tasawa anka kai ta, sai jibi!" Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Mataki na 8: Kada ka manta da gyara

Mai ƙosai na yin gyara, mai goro na yin gyara, kai wane ne da za ka sallami mutum haka nan? Ni kuma na tuna Lawali abokina ne, a bencin nan muka sha shayi tare, sai na ce ba zan karɓi komai a hannun uwarsa ba, kuma zan yi mata alherin da ba ta taɓa gani ba. Na zuba mata fina-finai, na zuba wa'azi, na zuba ƙira'ar alarammomi uku, na zuba kokawar shekara biyar, har na'urar ta yi kuka ta ce babu sauran wurin da allura za ta shiga.

Da la'asar suka ɗauka. Inna Zara'u ta sa mini albarka, washegari ta aiko mini da tiyar wake.

Mataki na 9: In an dawo, ka raba laifi

Ranar Juma'a, da muka sauko daga masallaci, na tarar da Aziza a bakin rumfa, na'urar a hannunta ko zane babu. Ba sallama.

"Ina bidiyon yayana?"

Kada ka rikice, kana da shaidu goma sha biyu. Ka fara da wiris. In bai ci ba, ka koma kan kamfanin da ya ƙera na'urar, ka ce su ne ba sa son talaka ya ajiye komai. In shi ma bai ci ba, ka fito da babban makami.

Na ce, "Aziza, gaban kowa na tambayi Inna, ta ce ba komi."

"Gaban kowa," in ji ta. "Kai ɗan wane gari ne, Yaya Abdu? Gaban mazan gari kake so ta buɗe baki ta ce tana sauraren ɗan hwarinta? Taka uwar ta taɓa yi?"

Bature ya buɗe baki zai ce c'est normal, na take masa ƙafa.

Aziza ta ce ɗazu Inna ta ɗauko faifan wake ta zauna, ta ce a kunna. Ita kuwa ta kunna, ta nema sama da ƙasa, sai ƴan kokawa. Tsohuwar ta gama tsintar wakenta tsaf, ta tashi ta shiga ɗaka. Aziza na ba ni labarin hawaye na zuba, ba ta ko share ba, mutane na wucewa suna kallo.

A irin wannan wuri sai ka ce za ka "rekupere", wato za ka dawo da abin da ya ɓace. Ka faɗa da ƙarfi, ka nemi kwana uku. Ba ka san yadda ake yi ba, amma kwana uku kwana uku ne.

Mataki na 10: Ka je wurin wanda ka raina, a ɓoye

Ka ce wa fada za ka Tasawa ta'aziyya. Ba ƙarya ka yi sosai ba.

Na sami Ayuba a shagonsa, na ce wani ne can Baudeta ya formate ta, ni taimako kawai nake yi. Bai ɗago ba. Ya kwance bayan na'urar, ya hura, sai ga ƙaiƙayin hatsi ya tashi, har na yi atishawa.

Ya ce, "Ga ciwonta nan. Hwankar ciki ta toshe, shi ya sa take zahi. Aikin minti biyar ne."

Na ce, "To bidiyon hwa?"

"Formate ba ya kashe abu nan take, Abdu. Kamar ka goge suna ne a ƙohwar ɗaki, mai ɗakin yana ciki. Da haka anka kawo min ita, da na hiddo shi in Allah ya yarda. Amma an zuba wasu kaya bisa har ta cika maƙil. Wa ya cika ta haka?"

Na ce gyara ce.

A nan ne ya ɗago ya kalle ni, kuma na gane zancen Baudeta bai shige shi ba. Garin neman gira an rasa ido, ka ji inda aka samo maganar. Kwana biyu ya yi yana nema, ni ina zaune a shagon ina kallon yadda ake aiki, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara sana'ar. Ya fito da hotunan wasu takardun tafiya guda biyu, da rabin hoton tayar moto. Murya kam babu. Ya ce ya yi iyakar saninsa. Bai karɓi komai ba, kuma har yau bai gaya wa kowa ba, wanda a ganina rashin mutunci ne, don da ya tona ni da na samu abin jin haushinsa.

Mataki na 11: In tsohuwa ta zo ita kaɗai, ka amsa mata

Na mayar wa Aziza da na'urar. Ta karɓa ba ta kalle ni ba.

Bayan mako biyu, da hantsi, ba ranar kasuwa ba, benci babu kowa, sai ga Inna Zara'u. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi gona. Ta tsaya tana kallon wayoyin da ke sharji kamar saya za ta yi. Na shirya jin zagi, kuma wallahi da ta zage ni da na samu sauƙi.

Ta ce, "Ɗan nan, kai da ka buɗe abin nan kahin ka gyara, ai ka gani, ko?"

Na ce, "Na gani, Inna."

"Wace riga gare shi ciki?"

Ni kuwa ban taɓa ganin bidiyon ba.

Ta ce, "Ni ban taɓa ɗaga ido ba. Ji kawai nike yi. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa in duba, in Aziza ta hita ɗebo ruwa. Ita kau ba ni iya tambayatta."

Ka ga, a nan ake gane cikakken gwani. Tsohuwa ta tako tun daga bayan gari, ta ajiye kunyar shekara talatin da wani abu a bakin rumfarka, tana kallon bakinka. Kada ka yi jinkiri, jinkiri na kawo shakka.

Na ce, "Shuɗiya ce, Inna. Mai aiki a wuya. Ta yi mishi kyau ƙwarai."

Ta daɗe tana gyaɗa kai. "Shuɗiya," in ji ta. "Ban san shi da shuɗiya ba. Can Aljeriya ya saye ta ke nan." Ta sa mini albarka, ta juya ta kama hanyar gida a hankali.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In na'urar wani ta ƙone a hannunka, tsakaninka da shi. In aka daina amsa gaisuwarka a unguwar maɗinka, ba da ni ba. In shayin fada ya daina yi maka daɗi alhali mai dafawa bai canza hannu ba, ka tafi likita, kada ka zo wurina. Matakan suna aiki, shaida kuwa har yau Anjiniyer ake kirana, jiya ma an kawo mini ordinater guda biyu daga Mayahi.

Haka kuma ba ni da alhakin wata tsohuwa a bayan garin Urafan da ke tuna ɗanta cikin rigar da ni na ɗinka masa da bakina. Ita ta tambaya, ni na amsa. Wanda ke da ƙara ya kai gaban Allah, don can ɗin ni ma ake jirana da ita.